Farin Gari a Gemun Injiniya

A gemunsa Hajiya ta fara ganin garin. Fari tas, ya kwanta a gefen baki. Da ta nuna masa, mijin nata Injiniya ya share da bayan hannu, ya ce furfura ce.

"Furfura mai zubowa a gaban riga, Malam?"

Ya ɗauki kofin shayinsa na lami marar sukari, wanda likita ya ɗora shi a kai tun bara, ya shige ɗakin karatunsa ya murza makulli.

A ɗakin nan akwai wata kabad ta ƙarfe, a cikinta kuma akwai dutsen. Injiniya ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramukan haƙar ma'adinai, kuma abin da ya dawo da shi gida bayan ritaya, ban da ciwon gwiwa, shi ne wani baƙin dutse kamar dunƙulen hannu, mai farin gashi-gashi a jiki. Ba baƙon da ya taɓa zama a falon gidan bai sha laccarsa ba. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta haddace ta har da tarin da ke tsakiya. Takan zamo da tabarau kan hanci, ta goya hannu a baya, ta kumbura murya:

"Famakolayit! Ba fumfuna ba ce, jama'a, ku daina zaginsa. Ƙananan allurai ne na kalsiyam da asenik. Ba ko'ina yake tsirowa ba, sai a bangon tsohon rami, inda ruwa ya ratsa dutse mai asenik ya je ya tarar da farar ƙasa. Ehem! Laushinsa, farce ma karce shi yake. Ka bar shi a busasshiyar iska, ya saki ruwan jikinsa, ya dushe, ya koma gari. Kuma guba ne. Wanda ya taɓa min kabad, babu ruwana!"

Da, Hajiya dariya take yi har ta riƙe ciki. Yanzu kalma biyu kawai ke tsaya mata a kunne: gari, guba.

Ta shiga lura. Wandunansa sun fara yi masa yawa. Ruwa yake sha kamar an aiko shi ya ƙarar da randar gidan, hanyar banɗaki kuwa ya mayar da ita titi. Ya zauna da jarida, kafin ya juya shafi ya fara gyangyaɗi. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne ya daina mita. Mutumin da kullum sai ya kira shayinta ruwan wanke kofi, yanzu karɓa yake da hannu biyu, har da "sannu da aiki". A ganin Hajiya, ranar da mijinta ya daina mita, to jiki ya ƙi.

Ta ce su je asibiti, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta sa Auta ta duba mata a waya abin da asenik ke yi wa mutum. Auta ta fara karantawa da muryar mai labarai a rediyo, amma kafin ta kai rabi muryar ta koma tata, ƙarama. Kasala. Rama. Ƙishirwa.

Da yamma Hajiya ta tare ƙofar ɗakin da jikinta.

"Dutsen nan ya bushe, yana zuba, kana shaƙa. Ban aure ka don in yi takaba saboda tsakuwa ba. Ko ya fita daga gidan nan, ko in fitar da shi."

Injiniya ya firgita fiye da yadda ta zata. Ya ce irinsa a duniya ba su da yawa. Ya ce shi da kansa ya rarrafa cikin rami ya ɓamɓaro shi. Ya ce kada wanda ya kusanci kabad ɗin nan, don Allah, don Annabi. Daga nan makullin ya koma aljihunsa, ko alwala zai yi yana dafe da shi.

Abin da ya manta shi ne, kabad ɗin da makulli biyu ta zo, kuma babu abin da ya taɓa shigowa gidan nan bibbiyu Hajiya ba ta adana ɗaya ba.

Washegari ta ce gemun ya yi buzu-buzu, ta tura shi wurin mai aski. Ƙofa na rufuwa ta shirya. Leda a kowane hannu, an ɗaure da kyauro. Gyale ninki biyu a hanci. Auta na biye da ita da bokiti mai murfi, tana tafiya a karkace kamar mai kwance bam, amma bakinta na motsi da addu'a.

Kabad ta buɗe da ƙara.

Ga dutsen a cikin kwalbarsa, allurai a tsaye cirko-cirko, suna sheƙi kamar siliki, ko ɗaya bai dushe ba. An liƙe murfin da kakin kyandir, kakin ya yi ja don tsufa, ƙura ta kwanta a kansa lumui, babu sawun yatsa ko guda.

"Mama, wannan ai ba a buɗe shi ba tun ina firamare."

Hajiya ta tsaya. To garin daga ina? Ta sa hannunta mai leda ta ture kwalbar gefe a hankali. A bayanta akwai wani gwangwani, goge tas don yawan taɓawa, an rubuta GUBA a jikinsa da jan alƙalami, har da zanen ƙoƙon kai. Ta riƙe numfashi, ta kawar da fuska, ta ɓalle murfin.

Sukari ne, an sha ya kusa ƙarewa, da cokalin shayi a tsaye a ciki.