Waƙar da Aka Sauƙaƙa wa Mai I'ina

Masu ba da labarin nan sukan ce tsoron taro ne ya kama yarinyar, wasu kuma su ce malamar ce ba ta da tausayi. Duka biyun kuskure ne, kuma duk mai faɗin haka bai saurara da kyau ba. Yarinyar ba matsoraciya ba ce. Malamar kuwa tausayin ne ma ya yi mata yawa.

A wata makarantar 'yan mata ta kwana aka shirya walimar ban kwana ga 'yan ajin ƙarshe. Aka yi hayar na'urar nan da ake kira kara'oke, wadda ke sakin kiɗan waƙa ba tare da muryar mawaƙi ba, baitocin suna fitowa a allon talabijin suna canja launi, mai riƙe da makirufo tana bin su. Aka ɗora wa wata malama alhakin tace waƙoƙin zamanin da za a rera. Mace ce mai tsari, ta kuwa kafa ƙa'ida: sai waƙa mai sauƙi, mai ƙarancin kalmomi, mai tafiya sannu, domin kada wata ta ji kunya a gaban 'yan uwanta. A ajin akwai wata yarinya mai i'ina. Tun shigowarta makarantar ba ta taɓa kai magana ƙarshe ba sai wata ta ƙarasa mata. Amma ita ta san abin da ba wanda ya sani game da harshenta: farawa ce kawai ke ba shi wuya. In ya samu ya kama hanya, ba ya tuntuɓe. Akwai wata waƙa mai saurin kiɗa da takan rera ita kaɗai a bakin famfo in tana wanki, kalmomi na bin juna kamar zubar gero daga buhu, babu inda ake tsayawa balle a sake farawa. Burinta ɗaya ne: kafin a watse, 'yan ajinsu su ji muryarta a miƙe, ko da sau ɗaya.

Ta je ta nuna wa malamar waƙar da take so. Malamar ta saurari farkonta, ta girgiza kai.

"Wannan? Ai ko masu lafiyar baki haki suke yi a cikinta. Bari in ba ki mai sauƙi, 'yata."

Yarinyar ta buɗe baki za ta yi bayani, kalmar farko ta maƙale. Malamar ta dafa kafaɗarta cikin kyautatawa.

"Godiya za ki yi, na sani. Je ki abinki."

Waƙar da aka zaɓa mata mai taushi ce, kalmominta ba su taka kara sun karya ba. Sai dai tsakanin kowane baiti da na bayansa kiɗa yakan yi tafiya mai tsawo shi kaɗai, sannan mai rerawa ta shigo. Wato abin da ya fi ƙarfin yarinyar, shi aka jera mata tun daga farkon waƙar har ƙarshenta.

Ranar walima da la'asar aka kira ta, ta fito ta karɓi makirufo. Baitin farko ya bayyana, launi ya fara cin kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Leɓunanta suka haɗe a kan harafin farko, jijiyar wuyanta ta tashi, kafin harafin ya fito baitin ya wuce. Kiɗa ya yi tafiyarsa. Baiti na biyu ya zo, shi ma ya wuce ta a tsaye. Ba wadda ta yi dariya, da ma an yi da ya fi mata sauƙi. Wata daga layin gaba ce ta ɗauki baitin a hankali don ta taimaka, na kusa da ita suka bi, nan da nan zauren gaba ɗaya ya ɗauka. Suka ƙarasa mata waƙar kamar yadda suka saba ƙarasa mata magana, suka kuma tafa mata da zuciya ɗaya. Malamar har da share hawaye, tana cewa a ranta ta yi tarbiyya. Yarinyar ta ajiye makirufo a kan tebur da hannu biyu, ta koma wurin zamanta.

Washegari kowa ta ɗauki akwatinta ta kama hanyar garinsu. 'Yan ajin nan sun girma, sun zama iyaye, kuma har yau in an ambaci yarinyar sai su ce, "Allah sarki, wadda muka taya waƙa." Babu ɗaya a cikinsu da ta san yadda muryarta take. Malamar ma ba ta taɓa sani ba. Ta ci gaba da bin ƙa'idarta shekara da shekaru, tana koya wa ƙananan malamai ita.

Ƙa'idar ba ta da aibu ga yawancin yara. Aibun shi ne an auna sauƙi da idon mai kallon allo, alhali maƙogwaron da zai ɗauki waƙar yana tsaye a wurin, ba a jira ya gama magana ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka in aka ba ki zaɓen waƙa ga yarinya, ki sa ta rera miki wadda ta zo da ita tukuna, ki kuma yi shiru har ta kai ƙarshe.