Mai Gurmin da Aka Hana Fili

Kai da kake kukan an toshe maka hanya, bari in ba ka misalin wani mai gurmi na ƙasarmu, wanda har gobe nake ƙafafa da shi. Allah Ya ba shi murya, amma ya ƙi abin da makaɗa ke ci da shi, wato wasa masu hannu da shuni. Waƙoƙinsa duka na tuna Mahalicci ne, da haƙuri, da ranar da za a sa mutum a makara. Ran wani biki sarkin makaɗa, wanda shi ke raba wa mawaƙa fili, ya ce masa ya saka sunan uban ango ko da a baiti ɗaya. Mai gurmi ya ce waƙar tana da mai ita, babu wurin wani. Daga ranar aka hana shi fili a kowane taro. 'Yan amshinsa suka watse, ban kuma ga laifinsu ba, ciki ba ya cin wa'azi. Shi kuwa ya rataya gurminsa ya koma wani ƙauye a bakin gulbi yana noman gero, ba ya zuwa ko kasuwa. Kowa ya ce waƙarsa ta mutu.

Amma bai daina ba. In ya huta a gindin tsamiya sai ya ɗan kaɗa shi kaɗai. Mata masu ɗiban ruwa suka riƙa tsintar baitocin suna niƙa da su, masu fito suka ƙetare da su, direbobi suka kai su garuruwan da bai taɓa takawa ba. Shekaru suka ja. Sarkin makaɗa ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi, waɗanda ya ƙare rayuwarsa yana wasawa ba wanda ya leƙo. Wata safiya matarsa tana yi masa fifita tana rera wata waƙa a hankali, sai ya ji zuciyarsa ta yi sanyi. Ya tambaye ta ta wane ce. Ta ce, "Ta mai gurmin nan ce da ka hana fili, Malam." Sai ya ce ta maimaita masa daga farko.

Shi ya sa Hausawa suka ce zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi.