Abin da Tifa ta Tara ta Juye

"Juye nan!" Direban katafila ya ɗaga wa mai tifa hannu, baraguzan gini suka zubo, ƙura ta turnuƙe.

Kwana uku ke nan yana baje su a kan tsohuwar bola, wadda za a cike a mayar filin ƙwallo. Yayansa ɗan kwangila ne ya samo masa aikin, shi ke turo motocin. Har cika baki yake wa abokan aiki: "Ni ai Yaya ya gama mini komai."

Tifa ta tara ta juye wata koriyar ƙofar ƙarfe, duk ta lanƙwashe. Ya taka birki, ya diro. A jikinta ga sunansa da na Yaya, waɗanda suka karta da ƙusa suna yara, har marigayi Baba ya zane su da bulala.

"Malam, daga ina kuke kwaso wannan?"

"Wani tsohon gida ne a bayan asibiti," in ji mai tifa. "Ogan da ke turo mu ne ya sayar, shaguna za a yi. Yau muka gama rushe shi."

Ya ciro waya ya kira mahaifiyarsu, wadda Yaya ya ɗauke zuwa gidansa sati biyu da suka wuce.

"Auta, kai ne?" Muryarta cike da murna. "Taya ni sa wa yayanka albarka. Ya ce an kusa gama yi wa gidanmu fenti, jibi zai mayar da ni ɗakina. Ka leƙa kuwa? Wane launi aka shafa?"