Masassaƙi da Maɓallin da Ya Sato

Zauna, Malam Tasi'u. Tun jiya nake lura da kai, da na juya sai ka miƙa wuya kana leƙen yatsuna, wai ko za ka kama abin da nake ɓoye maka. Ban ji haushi ba, don na taɓa ganin irinka. Bari in ba ka misali.

An yi wani masassaƙi, gwani na gaske, wanda turmi da akushi da kujerar tsuguno suka daina ci da shi tun da roba da injin niƙa suka cika gari. Sai ya ji labarin wasu masu haɗa wasan cikin waya suna neman mutum ɗaya tak da zai riƙa ƙera musu mutum-mutumi a kwamfuta, bayan wata uku za su zo wani ajin koyon wannan aiki su gwada ɗalibai su zaɓa. Ya ce ai wannan sassaƙa ce, gizago kawai aka sauya. Ya shiga ajin, ga iyali a wuyansa, kuma ban da gurbin nan ba shi da wata madafa. To malamin ajin kullum da zana akwati a kwamfuta yake farawa, mai gefe shida da kusurwa takwas. A tsaga shi da layi, a jawo gefe ɗaya ya zama wuya, a jawo biyu su zama hannuwa, a jawo biyu ƙasa su zama ƙafafu. In an gama sai ka ga wani ƙato mai kan bulo, ba ido ba hanci. Malam ya zagaya ya duba tsawo da faɗi, ya ce a share a sake. Sati uku ana abu ɗaya.

Nan fa zuciyar masassaƙi ta fara saƙa masa. Ya san halin masu sana'a, don shekara bakwai ubangidansa ya bar shi yana fafe cikin turmi kafin ya nuna masa yadda ake fitar da ƙugu, shi ma da ya zama ubangida haka ya yi wa na ƙasa da shi. Ya ce wannan malami ba zai yi masa wayo ba. In malam ya tsaya kan wani tela da suke aji ɗaya, sai ya ce ga ɗan lele ana raɗa masa sirri, alhali layuka ake sa telan ya rage. In malam ya yaba aikinsa, ya ce lallashi ne don ya yi barci. Ya zuba wa yatsun malam ido har ran da ya ga ya taɓa wani maɓalli, nan take mai kan bulo ya yi sumul kamar ƙwarya. Wohoho, ɓarawo ya kama ɓarawo! Ya tare malam da maganar, malam ya ce masa maɓallin ba ɓoyayye ba ne, kowane gefe yake rabawa huɗu, lokacinsa ne bai yi ba, sai siffa ta zauna tukuna. Masassaƙi ya yi murmushi, don kalmar da shi ma yake faɗa wa masu koyo ke nan.

Daga ranar ya koma ƙuryar aji, ya karkatar da kwamfutarsa bango. Ya danna maɓallin sau ɗaya, ya ga kyau, ya ƙara, ya ƙara, har kusurwa takwas suka koma dubbai. Ya zauna ya fitar da ido da hanci da tsagar kumatu, har jijiyar bayan hannu. Wallahi aikin ya yi kyau, ba zan ci amanarsa ba. Tsohon mai kan bulon kuwa ya goge shi ƙaf, kada malam ya bi sawu ya gane ta inda ya bi.

Ranar gwaji aka ce kowa ya fito da mutum-mutuminsa. Shugabar masu haɗa wasan ta tsaya kan na masassaƙi har ta riƙe baki. Sannan ta ce ƙafafun sun yi tsawo, kafaɗa kuma ta yi tsuku, ya gyara a gabanta, don a aikinsu sau goma ake sauya siffa a wuni. Haka ta ce wa tela ma. Tela ya kama kusurwa huɗu ya ja, ya kama huɗu ya tura, ya ɗaga hannu ya gama. Masassaƙi ya kama kusurwa ɗaya ya ja, sai tsini ya fito a kafaɗa kamar ƙaya. Ya kwaso da yawa ya ja, hammata ta yage, kwamfutar ta tsaya cik tana huci. Malam ya sunkuyo ya ce masa a hankali, "Ina na farkon, mai kan bulo? Buɗe shi, yanzun nan za ka gyara." Ya ce ya goge. Tela aka ɗauka, kuma Allah ya sani hannunsa bai kai rabin na masassaƙi ba. Abin ya yi mini ciwo, don ni ne malamin.

Saboda haka, Malam Tasi'u, ga maɓallin can a sama, hannun dama, in kana so danna, ba mai riƙe ka. In kuwa za ka ji tawa, juyo da kwamfutarka in gani, kafaɗar mutumin nan naka ta hagu ta fi ta dama. Abin da ya fi ba ni takaici, mutumin da ya tsufa cikin itace ne ya manta abin da Hausawa suka faɗa tuntuni: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.