Shatin Yatsa a Gefen Allo

Ranar Litinin ma haka Bu Larasati, malamar Turanci, ta tarar da allonta. Tun Juma'a ta jera kalmomin Turanci talatin a layi uku, sunaye, aikatau da sifofi, don 'yan aji ɗaya su kwafa. Ga shi wani hannu ya goge huɗu ya mayar da su wani layin. A gefen allon an bar shatin babban yatsa, rawaya.

Ta buɗe ƙamus a ƙarƙashin tebur, sai ta ga mai gyaran ne da gaskiya. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Karo na uku ke nan.

Shekara tara tana koyarwa a wannan makaranta ta garin Ponorogo a matsayin 'yar wucin gadi. Ranar Alhamis mai duba makarantu zai zo. Kujerar dindindin ɗaya ce, masu nema biyu, ita da wani sabon malami, Pak Danang, wanda ya gama jami'a jiya-jiya, yana karya harshe kamar ya haɗiyi rediyo. Wa zai so a ce ba ta san aikinta ba, in ba shi ba?

Ta tsare yaran da sharar aji ta faɗo kansu ranar. Suka rantse a buɗe suka samu ƙofar, ba kowa ciki sai ƙanshin suya.

Fuu ta fito. A bakin ƙofar makaranta Mbok Darmi na juya tempe, wato wainar waken soya, a cikin ƙullun kurkur, tsohuwar da ta kafa rumfa tun da ta dawo daga aikin gidan mutane a Singafo.

"Malama, yau ma ba a karyawa?"

Ko kallonta Larasati ba ta yi ba. Duk malamai na tsayawa a rumfar nan, ita ce kawai ba ta taɓa ba, kuma tana da dalilinta.

A ofishin shugaban makaranta ta samu Danang. Ba sallama ta buga ƙamus ɗin a tebur.

"Munafuki! Kujerar kake so? Ka fito fili mu kara mana, ba ka dinga laɓaɓawa ajina kamar ɓera ba!"

"Bu, wane aji kuma?"

"Au, tambaya ma kake? Miƙo hannunka!"

Ta fizgo hannunsa ta juya. Yatsun fes, ko ƙurar alli babu. Shugaban ya miƙe yana ba da haƙuri, ita kuwa ta riga ta hau. Ta ce ko a kore shi yau, ko ta kai ƙara sama. Malamai suka cika taga. Danang ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja, ya fara tattara takardunsa.

Ana cikin haka Mbok Darmi ta shigo da faranti, ita da ke kai wa kowane aji shayin malami tun kafin a buga ƙararrawa. Ta ajiye wa shugaba kofi, ta ajiye wa Danang. Da ta ajiye na uku a gaban Larasati, sai ga shatin babban yatsa a jikin farin kofin, rawaya.

Larasati ta kafa wa shatin ido.

Tsohuwar ta goge hannu a zaninta. Ta juyo ta fuskanci Larasati.

"Sakar wa ɗan mutane mara. Shekara goma sha takwas ina wanke bayan gidan masu Turancin nan don ki zama malama. A gida in na yi magana, ki ce me mai suya ta sani. Kin ce kada in nuna na san ki a makaranta, na bi. Amma wallahi ba zan zauna ina juya tempe a kori 'yar da na haifa a kan kalma huɗu ba."