Hannun 'Yar Maginiya

Ajiye rezar nan tukuna, 'yar nan, ki saki hannun yaron, ki zauna in ba ki wani misali.

An yi wata maginiyar tukwane a wani ƙauye bakin fadama, wadda in ta gina tulu sai ka rantse ruwa ne ya tashi ya tsaya da kansa. Ba ta ƙaunar gudaji ko kaɗan. Ko tsakuwa ɗaya yatsanta ya ji a jikin yumɓu, sai ta ɗauki tsingaro ta kankare, ta shafe wurin da ruwa, shi ke nan kamar ba a yi ba. Tana da 'ya tilo mai dogayen yatsu, kuma duk burinta na duniya a kan yatsun nan yake. In rana ta yi sanyi ta jingina da randa tana gyangyaɗi, sai ta riƙa ganin hannuwan yarinyar sun girma suna zagaya bakin tulu, tulun yana tashi a hankali kamar hayaƙin girki, mata suna tahowa daga nesa don su saya. Ana nan sai ɗan tsiron nan mai kaushi da muke ce wa tusar jaki ya fito wa yarinyar a yatsan hannun dama. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Wata tsohuwar unguwarzoma ta duba ta ce, "Baƙo ne, ki bar shi, da ƙafarsa zai tafi. Ki dai hana ta ƙwaƙula, in kuwa ya dame ta ku je asibiti." Yarinya ta ji daɗin maganar, ta riƙa kiransa baƙona, har hira take yi da shi. Maginiya ta ce to da baki, a zuci kuwa cewa ta yi, ni da nake gyara randa, ɗan wannan ne zai gagare ni?

Ta ɗauki reza ta kankare shi, ta ɗiga nonon tumfafiya a wurin. Ta manta fata ba yumɓu ba ce. Duk inda bakin reza ya bi da jini, sai wasu ƙanana suka tsiro kamar gero bayan ruwan shuka. Ta sake kankarewa, abin ya zama gyambo, yatsa ya kumbura yana ruwa, sai ga su a asibitin da ta raina. Yarinyar da a da take rugowa da hannu a miƙe, yanzu in ta ji takun uwarta sai ta mayar da hannuwa baya, abin da ya fi komai ƙona wa maginiya rai ke nan. Ashe akwai wani guda a tsakanin yatsun hagu, yarinya ta dunƙule hannu ta ɓoye shi don tsoro, ba wanda ya sani. Damina ta zo ta wuce, fadama ta cika ta janye, aka yi kaka, wata daminar ta kewayo. Wata rana da hantsi uwar tana yi mata wanka, yarinya ta buɗe hannun hagu tana dube-dube, ta ce, "Inna, baƙon da na ɓoye miki ya tafi, ko sallama bai yi mini ba." Maginiya ta juya hannun a rana. Sumul, ko alama babu. Ta kama na dama, ga tabo jere, ga yatsa ya sandare ba ya lanƙwasa. Ta riƙe hannuwan biyu, hawaye yana ɗiga cikin ruwan wanka. Yarinyar ta girma ta gaji sana'ar, amma kowane tulu ta gina, akwai wani ɗan kwari a bakinsa inda sandararren yatsan ya bi. Maginiya ta tsufa tana shafa wurin nan da yatsanta, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake ɗaukar tsingaro ta gyara ko ɗaya ba.

To, kin ji. Wanke masa hannu ki bar shi ya tafi wasansa. Ba banza Hausawa suka ce ba, garin neman gira akan rasa ido.