Abin da Aguenta Ke Nufi

Sailuba ta durƙusa ta ajiye shayi a gaban dattijon. Ya dube ta ya ce, "Aguenta." Kalmarsa ke nan tun safe, ita ce ta jiya, ita ce ta shekaranjiya.

Tun da aka sallamo shi daga asibiti da shanyayyen ɓarin jiki ba ta ƙara taka ƙasan wannan dogon bene da suke zaune a birnin Alexandria ba. Ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nata, in ta nufi ƙofa sai idonsa ya cika da ƙwalla. Ga bakinsa ba ya fitar da komai sai Fotugis, ita kuwa ko sannu ba ta sani ba a yaren. Ta gaji, irin gajiyar da mutum ke jin kunyar faɗa.

Yau ne Olive, ma'aikaciyar da ke bin marasa lafiya gida, za ta zo. In ta ga ba sa fahimtar juna za ta ba da shawarar a kai shi gidan kula da tsofaffi, inda akwai nas 'yar Brazil. Allah ya yafe wa Sailuba, wata zuciyar har ta fara hango ta a titi tana shan iska.

Ta ɗauki waya ta yi ta lalube har ta faɗa wani shafi da aka rubuta don masu jin Turanci. Aguentar, in ji shafin, shi ne jurewa, riƙewa, ƙin saki. Asalinsa Italiyanci ne, daga sunan safar hannu, kuma masu aikin jirgin ruwa na faɗa wa juna in igiya na neman suɓucewa. Wato dai, daure.

Ashe duk kwanakin nan ba wani abu yake roƙo ba, ita yake lallashi. Hawaye suka zubo mata.

Olive ta iso da fara'arta ta aiki. Ta lura matar nan sai ta rusuna take yi masa magana, ba ta haɗa ido da shi, sunansa kuwa ko da wasa bai fito daga bakinta ba.

"Kin yi ƙoƙari," in ji Olive da Turanci. "Amma ba dole ki kashe kanki ba. Kamfaninku zai samo miki wani gidan."

"Ba inda za shi," in ji Sailuba.

"Wannan ba ke za ki yanke ba, iyalinsa ne. Ina matarsa?"

Sailuba ta sunkuyar da kai. Ta ina za ta fara yi wa baƙuwa bayanin cewa Injiniya Dabo Bakano ne, ciwo ne ya kwashe masa Hausa da Turanci ya bar masa yaren da ya koya yana ɗalibi a Brazil, kuma a gidan da ta tashi mace ba ta kiran sunan mijinta?